Takardar da Na Ɗauko wa Goggo daga Alkahira

Sanyin Alkahira ne ya fara yi mana sannu da zuwa. Muna fitowa daga filin jirgi ya ratsa ni har ƙashi, ni da na tashi a zafin Lafia, inda fanka ba ta san hutu ba. Na ja wa Biba hularta, na gyara mata takunkumin da ke hancinta, na saɓa ta a kafaɗa duk da shekarunta biyar. Hamma Buba, mijina, yana biye da mu da akwati, ya yi shirun nan nasa da na daɗe da daina yi wa uzuri.

Mura ce ta kawo mu ƙasar Masar. Na san abin dariya ne a kunnen wanda bai sani ba. A gidanmu na Bukan Sidi idan mura ta shigo, kowa zai yi atishawarsa kwana uku ya miƙe, ban da 'ya'yana. Su takan sauka musu a ƙirji, haƙarƙari ya riƙa lotsawa, leɓe ya yi duhu, sai asibiti, sai robar iska a hanci. Haka Sadiƙu ya tafi yana da shekara biyu. Haka Hauwa'u ta bi shi, ko yaye ban yi mata ba. Biba kaɗai ta rage mini, ita ma sau huɗu ana kwantar da ita.

Goggo Dije ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ta haifi Hamma. Ita ta haɗa aurenmu, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ina so yana so. Ranar sadakar ukun Hauwa'u ta zo daga Ashige, ta zauna a tsakiyar mata, ta ce da murya ba ƙasa-ƙasa ba: “Mura ba ta kisa. Mu a jininmu babu wannan abu. A binciki nono.”

Babu matar da ba ta gane ba. A wajenmu an ce maita a nono ake shan ta, kuma uwata, Iya, Bagwandariya ce da Baffa, mahaifina, ya auro daga waje, dangi ba su taɓa yafe masa ba har ya rasu. Iya tana tuyar ƙosai a bakin titi tun ina goye. Kafin wata ya zagayo kaskonta ya daina ganin layi, yara suna hango ta su canza hanya. Goggo ta kafa doka cewa kada Iya ta ƙara taɓa Biba. Ta sa aka ware mata wani koren kofin roba, idan ta zo gaisuwa a ba ta ruwa a ciki daga bakin ƙofa. Hamma yana tsaye aka yi duk wannan, bai ce uffan ba. Shekara biyu uwata tana leƙen jikarta daga zaure.

Wani likitan yara a Lafia ne ya ce yana zargin garkuwar jikin yarinyar, kuma gwajin da ake bukata babu shi a kusa. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga masana a Alkahira, Hamma ya sayar da shanun gadonsa. Mutane sun ɗauka magani kawai na tafi nema. Magani na je nema, gaskiya ne, amma Allah ya san akwai abu na biyu a raina: takarda nake so, mai hatimi, wadda zan karanta wa Goggo a gaban matan da ta tara mini.

Wanda ya tarbe mu Ustaz Lawal ne, ɗan ƙasarmu da ya zo karatu ya zarce da dillancin marasa lafiya. Ga jallabiya fara ƙal, ga ƙamshin turare, ga “Masha Allah” a bakin kowace magana. Tun a waya na yi masa bayani dalla-dalla cewa ɗaki nake so mu kaɗai, nesa da masu tari. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ya hau da mu hawa na shida a wani tsohon bene. Kafin ya buɗe ƙofa na jiyo tari kala uku. Ɗakuna huɗu ne, cike da 'yan ƙasarmu masu jinya, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya, tagogi duk a rufe saboda sanyi.

Na ce, “Ustaz, ba haka muka yi da kai ba.”

Bai ko dube ni ba. Hamma ya kalla, ya ce, “Malam, ka san mata da gaggawa. Nan cikin 'yan'uwa kuke, ga Hausa, ga jam'in salla. Kawo fasfo ɗinku da wasiƙar likitan in adana, garin nan ba a wasa da takardu.”

Hamma ya miƙa masa. Ni dai Allah ya ba ni wayon ɗaukar hoton wasiƙar a wayata tun kafin likitan ya liƙe ta.

Kwana goma sha biyu Ustaz yana kai mu wani ƙaramin asibitin ƙirji a cikin lungu. Yau hoton ƙirji, jibi hoton ƙirji, a haɗo mu da ruwan maganin tari mu dawo. Da Larabci suke magana da mai wurin, su yi dariya, su tafa. Duk sanda na tambayi wasiƙar sai ya ce babban likita ya yi tafiya. Ni malamar firamare ce, ina jin Turanci daidai gwargwado, amma ba a taɓa barin in yi magana da kowa ba.

A ɗakin da ke kusa da namu akwai wani dattijo mai ciwon ƙoda, mutumin kirki, kullum da dabino a aljihu saboda Biba. Ya ce tana kama da jikarsa. Mura mai zazzaɓi ta kama shi a mako na biyu. Na hana Biba fita, na toshe ƙasan ƙofa da zane, amma banɗaki ɗaya ne. Har yau ban iya jin haushin tsohon nan ba. Haushin na ajiye wa mai jallabiya.

Da hantsin wata Talata na ga haƙarƙarinta ya fara lotsawa. Na san wannan numfashin, sau biyu na raka shi har ƙarshe. Hamma ya kira Ustaz, waya a kashe. Na sunkuci yarinyar na sauko benen nan ba takalmi, na tsaya a bakin titi motoci suna wucewa, ban san kalma ɗaya da zan faɗa wa direba ba. Sai na ji kaina ina cewa, “Wayyo Allah, wayyo 'yata!”

“Ɗiyata, mi ya samu yarinya?”

Na waiwaya. Wata mata ce baƙa, doguwa, zaune a bayan butocin shayi a gindin benen. Kullum ina wuce ta, ban taɓa zaton tana jin Hausa ba. Sunanta Hajja Amna. Daga baya ta ba ni labari cewa kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida, ita kuma yaƙi ya koro ta Masar. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, da Larabci a cakuɗe. Ranar dai ba ta tsaya labari ba. Ta bar butocinta a kan wuta, ta shiga tsakiyar titi ta tare tasi da jikinta, ta ce wa direban abin da ya sa ya manta da birki har babban asibitin yara.

Kwana tara Biba ta yi a ɗakin da ba a shiga sai da riga da takunkumi. Ta gilashi nake kallonta, inji yana yi mata numfashi. A rana ta biyu wata likita mai suna Dakta Salma ta zaunar da mu, ta yi mini Turanci a hankali, ta ce in ba ta labarin tun daga farko. Wannan ne karo na farko da wani ya tambaye ni a ƙasar nan. Na nuna mata hoton wasiƙar. Ta karanta, ta ɗago, ta ce yaushe muka iso. Da na faɗa mata sai ta rufe ido ta girgiza kai.

Ta ce, “Ke da mijinki 'yan'uwa ne?”

Na ce, “Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito.”

Ta rubuta wani abu, ta ce za a ɗebi jininmu mu uku, kuma sakamakon zai ɗauki makonni.

Ranar da aka cire wa Biba injin, ta buɗe ido ta ce tana son ƙosan Iya, na bar Hamma a wajenta, na ɗauki Hajja Amna muka koma benen. Na taki sa'a. Ustaz yana falo da sababbin baƙi, mata da miji da jariri, yana zuba musu “Masha Allah”. Na tsaya a tsakiyar falon na ba su labarina daga filin jirgi har gilashin nan, ban rage komai ba. Ya ce, “Hajiya, ki ji tsoron Allah.” Na ce ai tsoronsa ne ya hana ni zuwa da taɓarya. Hajja Amna ta ƙara masa da Larabci, na dai tsinci kalmar 'yan sanda a ciki. Nan take ya zuge jaka ya fito da fasfo ɗinmu. Wasiƙar tana ƙasan jakar, a liƙe yadda likitan Lafia ya liƙe ta, da shatin kofin shayi a bayanta. Baƙin nan suka ɗauki kayansu suka biyo mu. Kafin la'asar na aika saƙon murya ga duk wata ƙungiyar mata da nake ciki a waya, daga Lafia har Obi, da sunansa da kamanninsa. Ban yi nadama ba, kuma na ci abinci sosai ranar.

Hajja Amna ta samo mana ɗaki a kan rufin wani gida, mu kaɗai sai tantabarun mai gidan. Mako shida muka yi a nan muna jira. Garin da babu doya! Na zagaye kasuwa uku ina kwatanta ta da hannu, aka yi ta miƙo mini dankali. Burodi da wake da safe, burodi da wake da rana, har na fara mafarkin sakwara da miyar agushi ido biyu. Hajja Amna takan hawo da busasshiyar kuɓewa ta kaɗa mana miya, ta zauna daga nesa idan ta ji maƙogwaronta ba daidai ba, ba tare da an roƙe ta ba.

Iya takan kira duk Juma'a da wayar maƙwabta, da Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji. “Biba ya ci abinci? Ya yi ƙiba?” Na ce mata ta jira, ina dawowa da abin da zai rufe bakin Goggo. Ta ce, “Abeg, Rabi, bar shi. Allah yana gani. Ni dai yarinya ya warke.” Na ce to, amma ban bari ba. Ina wanki a kan rufin ina tsara maganar da zan yi, ina gyara ta, ina ƙara mata gishiri. Hamma yana jina wani lokaci, ya tashi ya koma wajen tantabaru.

Da sakamakon ya fito, Dakta Salma ta ɗauki farar takarda ta yi mana bayani kamar 'yan aji ɗaya. Ta ce idan ƙwayar mura ta shiga hancin mutum, tun kafin ya ji komai jikinsa yake yin kururuwa, sassan da ke kusa su rufe ƙofofinsu, masu faɗa su taso, a tsare cutar a hanci da maƙogwaro. Shi ya sa yawancin mutane suke yin atishawa su warke. Jikin Biba yana da masu faɗan, lafiyarsu ƙalau, amma kururuwar ce ba ta fita da ƙarfi. Kafin su farga cutar ta sauka huhu ta yi yawa.

Hamma, wanda ya tashi a ruga, ya ce a hankali, “Garke babu kare.” Na fassara mata, ta ce haka ne.

Ta ce abin gado ne, kuma sai an haɗa biyu yake bayyana. Ni ina ɗauke da rabi, Hamma yana ɗauke da rabi, shi ya sa mu ba ya damunmu. Ɗan da ya ɗauko rabin nan daga wajena ya kuma ɗauko daga wajensa, shi ne mura take kayarwa. Ta ce kusan tabbas abin da ya ɗauke Sadiƙu da Hauwa'u ke nan.

Ban shirya wa wannan ba. Na zo neman takardar da za ta wanke ni tas, ga shi an ce rabi a jikina yake. Na nemi izini na shiga banɗaki, na kunna famfo, na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar uku. Da na gama na wanke fuska na dawo, domin akwai tambayar da na yi tafiyar nan saboda ita.

“Dakta, rabin nawa, daga uwata na samo shi?”

Ta ce, “Mahaifiyarki tana da dangantaka da dangin mijinki?”

“Ko kaɗan. Ƙabilarsu ma daban.”

Ta ce abin da suka gani a jinina da na Hamma iri ɗaya ne sak, kuma abu ne da ba a cika samu ba. Hanya mafi kusa ita ce daga kakan da muka haɗa: ya bi ta mahaifina ya zo gare ni, ya bi ta mahaifiyarsa ya zo gare shi. Ta zana shi a takarda, da layi da da'ira, ta ce ba laifin kowa ba ne, babu wanda yake zaɓen abin da zai gada. Na ce na ji, amma ina so ta sa hannu ta buga hatimi a kan zanen. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta buga.

Babu maganin da zai sauya jinin, in ji ta, amma yarinya za ta iya rayuwa, kuma yawanci abin yana sauƙi idan suka girma jiki ya san cututtukan. Allurar rigakafin mura duk shekara. Wani magani da za a fara ba ta a ranar farko ta zazzaɓi, a wuce asibiti ba jira. Mai mura kuma, ko waye shi, kada ya matso kusa da fuskarta.

Nan wani abu ya faɗo mini. Goggo tana da al'ada, duk jikan da ta ɗauka sai ta kama kansa ta yi addu'a ta tofa masa a fuska sau uku. Makon da Hauwa'u ta kwanta, Goggo ta zo mana da mura, gefen mayafi a hanci. Na tambayi likita. Ta ce addu'a ba ta cutar da kowa, amma yawun mai mura yana ɗauke da mura, sai dai babu mai iya sanin daga wa yarinyar ta ɗauka tunda gidan duka ana yi. Na ce na gane. Ban nemi ta tabbatar mini ba, na dai ajiye shi inda nake ajiya.

Hajja Amna ta raka mu har mota, ta ɗaura wa Biba wani ɗan kyalle mai ƙamshin sandal a hannu, ta ce idan na je in gaishe mata da ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

Kwana biyu da dawowarmu mata suka cika gidan da sannu da zuwa. Na shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gida, a fili, na zaunar da Biba a kan kujera a ƙofar ɗaki da takunkuminta. Yawancinsu matan da suka zauna ranar sadakar uku ne. Goggo ta iso daga Ashige bayan azahar, kuma tun daga zaure na ji ta ja hanci. Iya tana can bakin ƙofa a tsaye, inda ta saba.

Na bari aka gama gaishe-gaishe. Sannan na fito da takardar, na ce likitoci sun gano abin da yake kashe mini 'ya'ya, kuma tunda a gaban jama'a aka fara maganar, a gaban jama'a zan ƙarasa ta. Duk jawabin da na tsara a kan rufi ya gudu, sai gundarin ya rage. Na yi musu bayanin garke da kare. Na ɗaga zanen kowa ya ga hatimi.

“Rabi daga jikina yake, ban ɓoye ba. Ta wajen Baffa na samo shi, yayanki, Goggo. Rabi daga Hamma, ta wajenki ya samo shi. Kin ce a binciki nono, an bincika har ƙasar Masar. Ba a sami komai a wajen Iya ba. Jinin namu ne, wanda kika ce babu wannan abu a cikinsa.”

 Wata maƙwabciyarmu ta ce, “Kai, dis one na wahala,” wata ta zungure ta.

Goggo ta ce, “Takardar Larabawa ce za ta koya mini jinina? Yarinya, ki iya bakinki.” Ta miƙe, ta share hanci da gefen mayafi, ta nufi Biba da hannu a buɗe. “Zo nan, uwata, in tofa miki, an gama yawo da ke a hannun baƙi.”

Na sha gabanta. Ban taɓa tsayawa a gaban Goggo ba tun da aka haife ni, amma ban matsa ba.

Ta leƙa ta bayana ta ce, “Buba, kana gani?”

Hamma yana tsaye a jikin bango. Ya dubi ƙasa kamar yadda ya saba, har na fid da rai. Sai ya ce, “Inna, kina mura. Ki koma baya.”

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Ya sake faɗa, da ƙarfi wannan karon. Goggo ta ja da baya, taki ɗaya, taki biyu, har ta zauna a ƙarshen tabarma.

Na juya wajen zaure. “Iya, kina mura?”

“A'a. Ni lafiya lau.”

“To, wanke hannu ki shigo.”

Ta wanke a bakin randa har sau uku, ta ratso tsakiyar matan nan tana goge hannu a zane, ba ta kalli kowa ba. Biba ta sauko daga kujera da kanta. Iya ta durƙusa ta rungume ta, tana cewa, “Ya yi tsawo, wallahi ya yi tsawo,” hawaye suna bin wuyanta.

Tari ya sarƙe Goggo a can ƙarshen tabarma, ta ce a ba ta ruwa. Na ce ni zan kawo. Likita ta ce mai mura a ware masa abin shansa, ni kuma mai bin dokar likita ce. Na shiga kicin, na miƙa hannu can saman kantar kwanuka, na sauko da koren kofin nan na roba. Na ɗauraye shi, na cika shi, na durƙusa har ƙasa yadda ake yi wa uwar miji, na miƙa mata da hannu biyu.

Ta gane kofin. Matan ma sun gane shi. Na ci gaba da durƙuso har sai da ta karɓa.